Wa Zai Tsaya Maka? Ɗaliban Jami'a da Neman Aiki ta Kafafen Sada Zumunta

Da wuya a sami ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Ɗanfodiyo, wanda wayarsa ba ta ɗauke da WhatsApp da Facebook, galibi har da TikTok da Telegram da X. Ta nan ake sanar da shi an ɗage lacca, ta nan yake karɓar takardun darasi, ta nan yake jin an yi rasuwa ko an sa ranar wani. Amma da zarar hira ta kai ga aikin da zai yi bayan bautar ƙasa, amsar da ta fi fitowa daga bakin ɗalibai ita ce, "Aiki sai da hanya." Wani ya ce sai kana da ƙafa, wata ta ce sai da uwa a gindin murhu. Wayar da ake yini ana dannawa ba ta cika shiga lissafin ba, in ma ta shiga to da shakku take shiga.

An saba ɗora wannan hali a kan ƙarancin wayewa, a ce ɗaliban Arewa sun iya hira da musu a intanet amma ba su san amfaninta ba, don haka maganin shi ne a tara su a yi musu bita. Wannan maƙala ba ta karɓi wannan bayani ba. Matsayarta ita ce shakkun ɗalibai fahimta ce sahihiya ta kasuwar aikin da suke ciki, kasuwar da amana ke tafiyar da ita, amanar kuma tana buƙatar mutumin da zai tsaya wa baƙo. Kuskurensu yana wani wuri dabam, kuma gyaransa ya fi ƙarfin ɗalibi shi kaɗai.

Abin da ma'aunin ra'ayi ba ya kamawa

Nazarin da ake yi kan irin wannan batu yawanci yana jingina da ra'in karɓar fasaha da Fred Davis ya gabatar a 1989. Ra'in ya ce mutum yana rungumar wata fasaha idan ya ga tana da amfani, kuma ya ga tana da sauƙin sarrafawa. Sai mai bincike ya raba takardar tambayoyi, ɗalibi ya zaɓi "na yarda ƙwarai" ko "ban yarda ba", a fitar da alƙaluma a ce ra'ayin ɗalibai mai kyau ne ko akasin haka. Ra'in yana da amfani a muhallinsa. Davis ya gina shi ne a kan mutanen da ke aiki da manhajojin kwamfuta, inda sakamako ke tsakanin mutum da na'urarsa: in manhajar ta yi kyau aiki ya yi sauri. Neman aiki kuwa akwai mutum na uku a ciki, wato mai ɗauka, kuma shi ke da wuƙa da nama. Ɗalibi na iya yarda ƙwarai cewa LinkedIn yana da amfani, ya kuma iya sarrafa shi, amma ya tabbata a ransa cewa wanda zai ɗauki ma'aikata a ma'aikatar jiharsu ba zai taɓa leƙa shafin ba. Takardar tambayoyi za ta rubuta shi cikin masu kyakkyawan ra'ayi, alhali bai sa ran komai daga wajen ba. Tambayar da ta kamata a yi masa ita ce wa yake zaton yana can ɗaya ɓangaren, kuma me zai sa wancan ya yarda da shi.

Shakkun yana da tushe

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023, bayan ta sauya hanyar lissafi ta yadda wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ma ana ƙirga shi cikin masu aiki, adadin ya sauko zuwa kashi 4.1. Wanda ya kammala digiri yana zaune a gida bai ji wani sauyi a jikinsa ba. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne wani adadi da ke cikin sabbin rahotannin: fiye da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba na albashi da takardar ɗauka ba. Ke nan irin aikin da ake tallatawa a rubuce, a nema da takardar bayanin kai, a kira mutum ganawa, ɗan ƙaramin yanki ne na kasuwar, kuma mafi yawansa yana Legas da Abuja da Fatakwal. A Kano ko Gusau, mai shagon da ke neman akawu ɗan'uwansa zai tambaya, ko limamin unguwa, ko abokin kasuwancinsa.

Ɗan abin da ake tallatawar ma ya bar tabo. A ranar 15 ga Maris 2014, masu neman aikin hukumar shige da fice suka cika filayen wasa a faɗin ƙasar. Fiye da mutum rabin miliyan ne suka cike fom ta intanet, kowanne ya biya naira 1,000, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, kuma aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsin. Ɗaliban yau suna firamare ko ƙaramar sakandare a lokacin, amma yayyensu ne suka je. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki cinikin guraben aiki ya saurari shaidu a bainar jama'a suna bayanin yadda suka biya miliyoyin naira don a ba su takardar ɗaukar aikin gwamnati. Ɗalibin da ya kalli wannan zama a wayarsa, sannan aka ce masa ya gyara shafinsa aiki zai zo, yana da hujjar ɗaga kafaɗa.

Sai kuma damfara, wadda ita ce fuskar da neman aiki ta intanet ya fi nuna wa ɗalibi. Saƙon yakan faɗo zauren WhatsApp na 'yan aji da daddare, da tambarin wata hukumar gwamnati ko ƙungiyar agaji ta duniya a samansa. An buɗe ɗaukar ma'aikata, albashi mai tsoka, za a rufe nan da kwana biyu. In ka taɓa adireshin sai ya kai ka shafin da ke neman sunanka da lambar NIN da BVN, sannan ya ce ba za ka wuce mataki na gaba ba sai ka tura saƙon zuwa zaure biyar. Wanda ya turo shi ɗan ajinku ne, mutumin kirki, shi ma cika sharaɗin yake yi. Wani lokaci a ƙarshe a nemi kuɗin fom ko na gwajin lafiya. Kafin wani ya rubuta "jama'a wannan na bogi ne", mutum ashirin sun riga sun cike. Wanda aka yi wa haka sau biyu zai daina bambance tallan gaskiya da na ƙarya, ya haɗa su duka ya watsar.

Guguwar "mainin" ta 2024, wato haƙar kuɗin kirifto ta waya, ta ƙara dagula lissafin. Bayan wasu sun sami kuɗi a Notcoin a watan Mayu, matasa a Arewa suka duƙufa dannar fuskar waya dare da rana a Telegram, har Hamster Kombat ya fashe a ƙarshen Satumba da abin da bai taka kara ya karya ba ga mafi yawansu. Darasin da wasu suka ɗauka shi ne duk samun da ke cikin waya caca ce. Ga kuma tsada da rashin tabbas: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an katse layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a ƙarshen 2021, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50.

Abin da fatoma ya sani

Matsalar yarda da wanda ba ka sani ba tsohuwa ce a kasuwancin Hausa, kuma an daɗe da samar mata mafita. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu ke gudana a can. Falke ya taso da garke daga Arewa, bai san mahautan garin ba, su kuma ba sa iya biya nan take sai bashi. Sai ya sauka a gidan maigida, wato fatomansa. Dillalan maigidan su nemo masu saye, su ne suka san wane mahauci ke biya wane ne ke da taurin bashi, maigidan kuma shi ke ɗaukar nauyi idan kuɗi suka maƙale. Dukiya mai yawa tana wucewa tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, saboda akwai wanda ya san ɓangarorin biyu kuma sunansa zai ɓaci idan abu ya lalace.

Mai ɗaukar ma'aikaci yana cikin irin halin falken nan. Zai miƙa wa baƙo kuɗinsa da sirrinsa da abokan cinikinsa, takardar digiri kuma ba ta gaya masa ko mutumin yana da amana, ko yana zuwa a kan lokaci, ko ma shi ya rubuta kundinsa. Saboda haka yake neman wanda zai ce "na san shi". Idan ɗalibi ya ce aiki sai da hanya, abubuwa biyu yake haɗawa a jimla ɗaya. Akwai alfarma, inda ake ɗaukar wanda bai cancanta ba saboda ɗan wane ne, wannan zalunci ne. Akwai kuma shaida, inda wani ya san ƙwazonka ya faɗa wa mai nema, wannan kuwa babu kasuwar aiki a duniya da ta rabu da shi.

Mark Granovetter ya nuna haka a Amurka. A binciken da ya yi a garin Newton kusa da Boston, wanda ya haifi maƙalarsa ta 1973 da littafinsa na 1974, ya gano cewa fiye da rabin ƙwararrun ma'aikatan da ya tambaya ta bakin wani suka ji labarin aikinsu. Abin da ya ja hankali shi ne su wane ne waɗannan mutane. Cikin waɗanda ya yi wa wannan tambaya, kashi 16.7 kawai suka ce suna yawan ganin wanda ya ba su labarin, kashi 55.6 suka ce jefi-jefi, kashi 27.8 suka ce da ƙyar suke haɗuwa. Mutum 54 ne kacal, don haka ba a gina gini mai nauyi a kan alƙaluman su kaɗai, amma dalilin da ya bayar yana da ƙarfi: makusantanka abin da ka sani shi suka sani, wanda kuke sanin shanu da shi kuwa yana yawo a wata da'ira, yana jin abin da ba ya zuwa kunnenka. A 2022 mujallar Science ta buga gwajin da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar, ya kuma tabbatar da ra'in tare da gyara biyu. Alaƙa mai matsakaicin rauni ce ta fi kai mutum ga aiki, ba wadda ta fi kowace rauni ba. Sannan amfanin raunanan alaƙoƙi ya fi bayyana a sana'o'in da suka dogara da fasahar zamani, a sauran sana'o'in kuwa alaƙa mai ƙarfi ta fi tasiri.

Gyara na biyun nan ya ba ɗalibanmu gaskiya a rabin maganarsu. Wanda ke neman aikin ƙaramar hukuma, kawunsa ya fi masa shafin intanet. Amma ya kuma nuna inda suke asara. Mai digirin kwamfuta, ko lissafin kuɗi, ko aikin jarida, ko fassara, ko zane, ko kiwon lafiyar al'umma, yana cikin fagen da tsohon ɗalibin sashensu da ya girme shi da shekara biyar, wanda suka taɓa gaisawa sau ɗaya, zai iya zama sanadin aikinsa. Kafafen sada zumunta ba su da wani amfani da ya wuce riƙe irin wannan alaƙa da rai.

Inda ɗalibai ke kuskure

A abin da nake gani, ɗalibi yana ɗaukar waɗannan kafafe a matsayin allon sanarwa. Yana shiga zauruka masu suna "guraben aiki", yana jiran a liƙa, ya cike, ya jira. A wannan matsayi shi ɗaya ne cikin dubban da ba a sani ba, kuma nan ne 'yan damfara suka kafa tarkonsu. Abin da ba ya yi shi ne barin a san shi da wani abu. Ka buɗe shafinsa na LinkedIn, in yana da shi, za ka tarar da suna da hoton fasfo da kalmar "ɗalibi", shi ke nan. Wata shida da ya yi a horon masana'antu ba ta ciki, kundin da ya kwashe shekara yana haɗawa ba ya ciki, ajin yaran da yake koyarwa kyauta a unguwa ba ya ciki.

Ba rashin iya talla ba ne. Ɗalibar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakin kwananta ta san lokacin da ake ɗora hoto a sami masu kallo, ta san ta ɗora saƙon godiyar wadda ta saya don wasu su yarda, ta san yadda ake bin bashi cikin ladabi. Ta gane sarai cewa shaidar mai saye ita ke kawo ciniki. Amma a ce ta rubuta cewa ta iya nazarin alƙaluma, ko ita ta jagoranci aikin rukuninsu, sai ta ji nauyi. Kaya ake tallatawa, ba kai ba.

Nan al'ada ta shigo, kuma bai kamata a yi mata kallon cikas kawai ba. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa kunya cikin siffofin da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, nagari wasu ke faɗarsa. Salon da ya mamaye LinkedIn kuwa, inda kowa ke shelar nasararsa da alfahari, ya fito ne daga wata tarbiyya dabam, kuma ɗalibin da ya ji ƙyamarsa ba shi da laifi. Sai dai akwai tazara tsakanin yabon kai da bayyana abin da ka iya. Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma ambaci siffofinsa da suka sa ya dace, malamai kuma sun kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya faɗi ƙwarewarsa idan akwai buƙata kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya ɗora taswirar da ya zana, ko rahoton da ya rubuta, ko manhajar da ya haɗa, bai yabi kansa ba. Aikin ya ajiye a inda za a gani, masu gani su yi hukunci.

Ga ɗalibai mata nauyin ya ninka. Wadda ta sa hotonta da lambarta don neman aiki takan sami saƙonnin da ba su da alaƙa da aiki, wani lokaci daga wanda ya yi tallan aikin da kansa. Gida ma ana iya tambayarta dalilin da ya sa take hulɗa da maza baƙi. Janyewar da yawancinsu ke yi kariyar kai ce, kuma duk shawarar da ba ta lissafa da wannan ba, ga maza kaɗai aka ba da ita. Harshe ma wani shinge ne: ɗalibin da ke rubuta Hausa mai daɗi da kaifin hujja a Facebook yakan yi shiru inda ake buƙatar Turanci, don tsoron a yi masa dariya.

Akwai kuma abin da ɗalibai ba su cika kawowa a rai ba, wato abin da suka riga suka rubuta. Zagin da aka yi a musun siyasa ko na aƙida yana nan bayan shekaru, mai ɗaukar aiki kuma yana iya bincika suna kafin ya kira. Kamun da aka yi wa wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a Nuwambar 2022 saboda rubutu ɗaya a Twitter ya nuna wa kowa cewa ana karantawa, ko da darasin ya zo ta hanyar da ba ta dace ba.

Gurbin da jami'a ta bari

Idan matsalar ta amana ce, bita kan yadda ake buɗe shafi ba za ta warware ta ba. Ana buƙatar wanda ya san ɗalibi, masu ɗaukar aiki kuma suka san shi, wanda sunansa ke da nauyin da zai ji tsoron zubarwa. Ɗan mai hali yana da irin wannan a gida. Ɗan manomi daga ƙauye, wanda shi ne na farko da ya shiga jami'a a zuriyarsu, ba shi da kowa sai sashen da ya yi shekara huɗu a ciki. Sashen nan ya san wanda ke da ƙwazo, yana da tsofaffin ɗalibai a bankuna da asibitoci da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji, amma a mafi yawan lokuta alaƙarsa da ɗalibi tana yankewa ranar da aka liƙa sakamako.

Za a iya cewa aikin jami'a ilimi ne, ba dillancin aiki ba, kuma malamin da ke fama da aji mai ɗalibai ɗari uku, ga albashin da ba ya isa, ga yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022, ba a ƙara masa kaya. Za a iya kuma cewa wannan zai buɗe sabuwar ƙofar alfarma, malami ya riƙa tura 'yan gaban goshinsa. Damuwa ta biyun ta fi nauyi a wajena, amsarta kuma ita ce a yi abin a fili. Zauren da sashe ke gudanarwa da sunansa, wanda kowane ɗalibin ajin ƙarshe da kowane tsohon ɗalibi ke ciki, inda ba a liƙa tallan aiki sai an tabbatar da tushensa, ya fi adalci nesa ba kusa ba a kan kiran waya da ake yi a ɓoye. Yana kuma ba ɗaliba wurin da za ta nuna aikinta ƙarƙashin inuwar makarantarta, ba ita kaɗai a gaban baƙi ba. Game da nauyi kuwa, abin da ake buƙata bai wuce malami ɗaya da wakilan ɗalibai biyu ba, kuma sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Akwai wurin da za a sa darasin da ɗalibi zai fita da shafi mai ɗauke da ayyukansa na gaske, wanda malami ya duba ya sa hannu, ya kuma koyi yadda ake tantance talla kafin a ba da lambar BVN.

Ɗalibai ma ba sai sun jira ba. Jobberman, ɗaya daga cikin manyan shafukan neman aiki a Najeriya, ɗalibai uku ne na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa shi a 2009. Ƙungiyoyin ɗalibai na sassa, waɗanda ke tara kuɗi duk shekara don liyafar bankwana, suna iya tattara sunayen waɗanda suka gama a shekaru goma da suka wuce da inda kowannensu yake aiki, su gayyato su zaure ɗaya.

Kirana ga shugabannin sassa da tsofaffin ɗalibai ne, musamman waɗanda suka sami aiki saboda wani ya ambaci sunansu a inda ba sa nan. Kafin ajin bana su tafi bautar ƙasa, a buɗe musu wannan zaure, a sa malamin da zai kula da shi, kowane tsohon ɗalibi kuma ya karɓi ƙanne biyu ko uku ya duba aikinsu, domin ranar da aka tambaye shi ko ya san wani, ya kasance yana da sunan da zai bayar da gaskiyarsa.